Karkatar Mazarin Duniya da Inda Ya Dosa



1. Gabatarwa

Na san ba za a rasa wanda zai ce, me ya haɗa malamin Hausa da ilmin falaki ba? Amsar ba ta da nisa. Duk mai nazarin harshen Hausa ba zai daɗe ba sai ya ci karo da kalmomi irin su bazara da damina da kaka da hunturu, ya kuma ga yadda suka ratsa karin maganarmu da lissafin nomanmu da fataucinmu. To, wanda ya san sunan abu, ya kamata ya nemi sanin asalinsa. Ban da wannan, ina daga cikin masu ra'ayin cewa babu wani ilmi da harshen Hausa zai kasa ɗauka, muddin masu shi sun zauna sun tono masa kalmomi daga cikin rumbunsa.

Akwai kuma dalili na uku, wanda ya fi waɗancan nauyi. A duk shekarar da ruwa ya yi jinkirin sauka, ko kuwa zafi ya wuce kima, sai ka ji ana cewa ai duniya ce ta jirkice, wasu ma har su ƙara da cewa masana ne suka faɗa. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, domin lalle duniya a karkace take, kuma lalle karkatar tata tana sauyawa. Amma fa wanda bai san girman wannan sauyi da tsawon lokacin da yake ɗauka ba, zai ɗora wa sama laifin da aka aikata a ƙasa. Saboda haka zan yi ƙoƙari in bayyana yadda karkatar take, da inda ta dosa, da abin da take haifarwa a cikin shekara guda, sa'an nan da abin da take haifarwa a cikin dubban shekaru.

2. Mene ne Mazarin Duniya?

Ku dubi mace mai kaɗi. Idan ta murza mazari, gululun da ke jikinsa yana ta juyawa, amma tsinken da ya ratsa ta tsakiyarsa yana nan a wurinsa. Haka duniya take. Dunƙulalliya ce, tana juyawa daga yamma zuwa gabas sau ɗaya a kowane yini da dare, kuma wanda yake zaune a kan Ikwaita, watau layin da ya raba duniya gida biyu, juyin nan yana tafiya da shi kilomita 1,670 a awa ɗaya ba tare da ya ji ko gezau ba. Babu wani ƙarfe ko itace da ya ratsa duniya, amma akwai layin da take juyawa a kansa, wanda ya tashi daga tsinin arewa ya ɓulla a tsinin kudu. Larabawa suna kiran wannan layi mihwar. Ni kuwa a cikin wannan lacca zan kira shi mazarin duniya.

Bayan wannan juyi, duniya tana kewaya rana sau ɗaya a shekara, a kan hanyar da ake kira falaki. Mu ƙaddara falakin nan faifai ne shimfiɗaɗɗe, rana tana tsakiyarsa, duniya kuma tana bin bakinsa. Da mazarin duniya a tsaye yake cak a kan faifan nan, da ba mu da abin tattaunawa a yau. Amma a karkace yake. Idan kuwa turke ya karkata, tambaya biyu ake yi: nawa ya karkata, kuma wane waje ya karkata? Amsar tambaya ta farko ita ce digiri 23 da minti 26, bisa lissafin da ake kasa da'ira digiri 360, kowane digiri a kasa shi minti 60, kowane minti kuma sakan 60. Amsar ta biyu ita ce, tsinin arewa na mazarin ya dosi wani wuri a sama dab da tauraron da muke kira Tauraron Arewa.

Abin lura a nan shi ne, duk inda duniya ta kai a cikin kewayenta na shekara, mazarin ba ya sauya inda ya dosa. A watan Yuni, sa'ad da duniya take wani ɓangare na falaki, rabinta na arewa ne yake rusuna wa rana. Bayan wata shida, ta koma ɗaya ɓangaren, sai rabin kudu ya rusuna, na arewa ya kau da kai. Wannan shi ne tushen lokutan shekara baki ɗaya.

3. Karkata da Lokutan Shekara

Mutane da yawa suna zaton ana zafi ne idan duniya ta kusanci rana, ana sanyi idan ta yi nisa da ita. Lissafi ya ƙaryata wannan zato. Duniya ta fi kusa da rana wajen 3 ga Janairu, inda tsakaninsu yake kimanin kilomita miliyan 147, ta kuma fi nisa wajen 4 ga Yuli, inda tsakanin yake kai kilomita miliyan 152. Ashe ke nan lokacin da muke ƙudundune cikin bargo muna jin wuta a tsakiyar hunturu, shi ne lokacin da muka fi kusa da rana. Abin da yake kawo zafi shi ne yadda hasken rana yake sauka. Ku haska tocila a bango kai tsaye, za ku ga haske ya taru wuri ɗaya da ƙarfi. Ku karkata ta, sai hasken ya bazu ya raunana.

Bari mu ɗauki Kano, wadda take digiri 12 arewa da Ikwaita. Saboda karkatar mazari, wurin da rana take tsayawa tsaka a bisa kai yana kai da kawowa tsakanin layi biyu, ɗaya digiri 23 da minti 26 arewa da Ikwaita, ɗaya kuma daidai haka a kudu. Tun da Kano tana tsakanin layukan nan, rana tana ratsawa ta bisa kanta sau biyu a shekara, wajen 22 ga Afrilu tana tafiya arewa, da wajen 21 ga Agusta tana komowa. A waɗannan ranaku, idan rana ta take tsaka, turke a tsaye ba shi da inuwa. A tsakanin ranakun nan biyu inuwar tsakar rana tana faɗuwa kudu, a sauran shekara kuwa arewa. Wajen 21 ga Disamba, iyakar hawan da rana take yi a Kano bai wuce digiri 55 daga gefen sama ba. Haka kuma mafitar rana ba wuri ɗaya ba ce: a Yuni tana fitowa kimanin digiri 24 arewa da gabas sak, a Disamba kuwa digiri 24 kudu da ita. Wannan ya sa mai neman alƙibla da mafitar rana kaɗai yake iya kuskurewa. Sai dai karkatar da ta kawo matsalar ita ce kuma ta kawo maganinta, domin Makka ma tana tsakanin layukan nan biyu, kuma rana tana tsayawa daidai bisa Ka'aba ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27, bisa agogon Nijeriya da Nijar. Duk wanda ya fuskanci rana a wannan lokaci ya fuskanci alƙibla.

Tsawon yini ma daga nan yake. A Kano yini mafi tsawo awa 12 ne da kimanin minti 50, mafi gajarta kuma awa 11 da minti 25, bambancin da ba kowa yake lura da shi ba sai mai azumi. Amma a Landan yinin Yuni ya haura awa 16 da rabi, na Disamba kuwa bai cika awa 8 ba. A garin Turomso da ke arewacin Norwe, rana takan yi kimanin wata biyu ba ta faɗi ba, ta kuma yi kusan wata biyu ba ta fito ba.

Abin da ya fi shafarmu shi ne ruwan sama. Sa'ad da rana ta hau bisa kanmu a bazara, ƙasa takan yi zafi ƙwarai, har ma'auni ya kai digiri 40. Iska mai zafi sai ta tashi sama, ta bar gurbi, sai iska mai laima ta taso daga Tekun Atalantika ta kudu maso yamma domin ta cike gurbin. Iyakar da ke tsakanin wannan iska mai laima da busasshiyar iskar Sahara tana bin sawun rana zuwa arewa, tana baya da ita da 'yan makonni, har ta kai wajen digiri 20 a cikin Agusta. Damina ke nan. Da rana ta juya kudu, sai iyakar ta bi ta, iskar arewa maso gabas ta karɓe fili, kaka ta shigo, hunturu ya biyo baya. Da mazarin duniya a tsaye yake, da iyakar nan ba ta yi wannan doguwar tafiya ba, da kuwa ba mu san wani abu wai shi damina a ƙasar Hausa kamar yadda muka san ta ba.

4. Inda Mazarin Ya Dosa

Duk wanda ya kwana a fili ya lura da sama, zai ga taurari suna fitowa daga gabas suna faɗuwa yamma, amma akwai guda ɗaya a arewa wanda ba ya gusawa, sauran na kusa da shi suna kewaya shi. Ba wata daraja ce tauraron nan yake da ita ba, illa dai ya dace da kasancewa a saitin mazari, tazarar da ke tsakaninsa da ainihin saitin ba ta kai digiri ɗaya ba. Tsawonsa daga gefen sama daidai yake da nisan mai kallo daga Ikwaita: digiri 12 a Kano, kusan 14 a Damagaram, 17 a Agadas. Shi ya sa ayarin da ke ratsa Sahara da matuƙan jiragen ruwa suka daɗe suna dogara da shi.

To, amma wannan muƙami aro ne. Ku tuna da katantanwa ta wasan yara. Idan aka murza ta tana juyi da sauri, ta ɗan karkata, sai ka ga kanta yana zana da'ira sannu a hankali, tana tangaɗi ba ta faɗi ba. Mazarin duniya ma yana irin wannan tangaɗi, sai dai shi kewaye ɗaya yana cin kimanin shekara 25,800. Wajen shekara 2,800 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), gab da zamanin da aka gina manyan dalolin Masar, mazarin yana saitin wani tauraro ne mai suna Su'uban. Tauraron Arewa namu zai fi kusantar saitin wajen shekarar 2100, daga nan ya fara nisa. Nan da kimanin shekara 12,000, tauraro mai haske wanda Larabawa suke kira Nasrul Waƙi'i shi ne zai zama jagoran arewa.

Wanda aka fi sani da fara gano wannan abu shi ne Hifarkus, wani masani Bagirike, wajen shekara 130 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Ya auna matsayin wani tauraro, ya gwada da awon da aka yi a Iskandariyya kimanin shekara 150 kafinsa, sai ya ga tauraron ya gusa kusan digiri 2. Tauraron nan kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu, shi ne wanda malamanmu suke kira Simak. Baɗlamiyus, wanda ya zo bayansa, ya ƙiyasta gushin digiri ɗaya ne a shekara 100. Albattani, wanda ya yi awonsa a garin Raƙƙa ta ƙasar Sham ya rasu a shekarar 929, ya gyara lissafin zuwa digiri ɗaya a shekara 66. Awon yau ya tsaya a kan digiri ɗaya a kimanin shekara 72. Dalilin tangaɗin kuwa sai a shekarar 1687 Niyuton na Ingila ya bayyana shi. Duniya ba mulmulalliya ce sarai ba, tana da ɗan tumbi a Ikwaita, inda faɗinta yake kilomita 12,756, alhali daga tsini zuwa tsini kilomita 12,714 ne. Rana da wata suna jan wannan tumbi suna neman su miƙar da mazarin tsaye, amma da yake duniya tana juyi, sai jan ya zama tangaɗi.

Wannan ya shafi wani ilmi da ke hannunmu. Malamai da manoma a ƙasar Hausa suna kasa shekara cikin taurari 28, kowanne kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14, jimla kwana 365. Ana ba damina guda bakwai, daga Haƙ'a da Han'a da Zira'a har zuwa Harsan. Surayya kuwa, wadda muke kira Kaza da 'Ya'yanta, tana cikin na bazara. Tun da taurari suna gusawa digiri ɗaya a shekara 72, watau kimanin kwana ɗaya, to a cikin shekara 900 da 'yan kai fitowar kowane tauraro takan yi jinkiri da kwana 13 idan aka gwada da lokutan shekara. Tauraro guda cur ke nan. Wannan ba ya rage amfanin lissafin ga manomi, domin galibi da ƙidayar kwanaki ake binsa. Amma ya kamata a sani cewa damina rana take bi, taurari kuwa shaidu ne kawai, kuma shaidun suna ja da baya sannu a hankali. Haka abin yake ga buruji: a zamanin Girkawa, rana tana cikin Hamal a ranar da dare da yini suke daidaita a watan Maris, yau kuwa tana cikin Hutu.

5. Girman Karkatar Ma Yana Sauyawa

Hanyar auna karkatar mai sauƙi ce a faɗa: a auna hawan rana da tsaka a yini mafi tsawo, a auna a yini mafi gajarta, a raba bambancin biyu. Wuyar aikin tana wajen ingancin kayan awo. Baɗlamiyus ya rubuta digiri 23 da minti 51. Masanan da Halifa Ma'amun ya tara a Bagadaza wajen shekarar 829 sun sami digiri 23 da minti 33. Albattani ya sami 23 da minti 35. A shekarar 994, Alhujandi ya gina wani ƙaton ma'auni a garin Rayyu kusa da Tehran ta yau, ya sami 23 da minti 32 da sakan 19, ya kuma yanke cewa karkatar raguwa take yi. Sarki Ulug Beg na Samarƙand, a ƙarni na 15, ya sami 23 da minti 30 da sakan 17. Gaskiya ne wani sashe na bambancin da ke tsakanin waɗannan alƙaluma daga kuskuren kayan awo yake, musamman na Girkawa, amma hukuncin Alhujandi ya tabbata.

A yau an san cewa karkatar tana kai da kawowa tsakanin digiri 22.1 da digiri 24.5, kuma zuwa da dawowa ɗaya yana cin kimanin shekara 41,000. Jan da sauran duniyoyi suke yi wa falakin duniya shi ne yake kawo haka. Yanzu tana kan raguwa da kimanin sakan 47 a kowace shekara 100. Idan aka mayar da wannan zuwa awon ƙasa, layukan nan biyu da rana take juyawa a kansu suna matsowa wajen Ikwaita da kimanin mita 14 a shekara. Ku riƙe wannan adadi, za mu koma kansa.

Idan muka dubi maƙwabta za mu ga mun yi dace. Mushtari karkatarsa digiri 3 ce kawai, saboda haka kusan ba shi da lokutan shekara. Mirrihi yana da digiri 25, Zuhalu kusan 27, Yuranus kuwa 98, watau a kwance yake yana mirgina. Ra'ayin da ya fi rinjaye a wurin masana shi ne, karo da manyan duwatsun sama a farkon samuwar duniyoyi, kimanin shekara biliyan 4.5 da suka wuce, yana daga cikin abin da ya karkatar da su, kuma daga irin wannan karo ne watanmu ya samu. A shekarar 1993 wasu masana a Faransa suka nuna da lissafi cewa karkatar Mirrihi tana yawo ƙwarai a cikin miliyoyin shekaru, tamu kuwa nauyin wata yana taimakawa wajen tsare ta a cikin 'yar tazarar da na ambata.

6. Sa'ad da Sahara Take Kore

Yanzu sai mu haɗa zaren biyu. Wani masani ɗan ƙasar Sabiya, Milutin Milankobic, ya shafe shekaru yana lissafi da hannu a kan yadda tangaɗin mazari da sauyin karkatarsa da sauyin siffar falaki suke sauya rabon hasken rana a sassan duniya, ya tattara aikinsa a littafin da ya fito a shekarar 1941. An daɗe ana shakkar maganarsa, sai a shekarar 1976 da aka bincika laka daga ƙarƙashin teku, aka ga sawun zamunan ƙanƙara yana maimaituwa a kan adadin shekarun da lissafin falaki ya nuna.

Ga yadda abin ya shafi Afirka. Na ce a yau duniya ta fi kusa da rana a Janairu. Saboda tangaɗin mazari, haɗe da juyin da falakin kansa yake yi, wannan lokaci yana zagaya watannin shekara sau ɗaya a kimanin shekara 21,000. Ke nan kimanin shekara 11,000 da suka wuce, kusancin yana faɗowa ne a tsakiyar daminar arewa, kuma a lokacin karkatar ta haura digiri 24. Lissafin da aka yi a Amurka a shekarar 1981 ya nuna cewa shekara 9,000 da suka wuce, hasken rana na watannin damina a rabin duniya na arewa ya fi na yau da kimanin kashi 7 cikin 100. Ƙasa ta fi zafi, ta fi jawo iskar teku, ruwa ya kutsa can cikin Sahara. Da ciyawa da itatuwa suka tsiro, sai suka riƙe laima, suka ƙara jawo wani ruwan.

Shaidun wannan zamani suna nan kewaye da mu. Tafkin Cadi, wanda faɗinsa a shekarar 1963 yake kimanin murabba'in kilomita 25,000, ya taɓa haura 350,000, kuma tudun yashin da ya ratsa Maiduguri zuwa Bama tsohon gaɓarsa ne. A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙar rijiya a Dufuna ta Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon mita 8 da ɗoriya, wanda awo ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. A Dabus, arewa da Agadas, akwai zanen raƙuman dawa da aka sassaƙa a jikin dutse, babban ya haura mita 5. A Gobero, cikin hamadar Tenere, an gano a shekarar 2000 wata tsohuwar maƙabarta a bakin busasshen tafki, tare da ƙasusuwan dorina da kada da giwan ruwa, a wurin da yau ko ɗigon ruwa babu. Sa'an nan wajen shekara 5,000 da suka wuce, da mazari ya ci gaba da tangaɗinsa, ruwan ya ja da baya, mutane da dabbobinsu suka gangaro kudu da kuma bakin Nilu. Har ƙurar hunturun da take rufe mana ido, mai yawa daga cikinta tana tasowa ne daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi, wanda ba kome ba ne illa busasshen gindin wancan babban tafki.

7. Abin da Ke Faruwa a Zamaninmu

To, ko karkatar duniya ce ta kawo farin da aka yi a ƙasashen Sahel daga 1968 zuwa 1974, da na 1983 da 1984? Ko ita ce take kawo ƙarin zafin da ake ji yanzu? Amsa ita ce a'a, kuma adadin da na ce ku riƙe shi ne hujja. Mita 14 a shekara, a tsawon rayuwar mutum mai shekara 70, bai wuce kilomita ɗaya ba. Abin da ya ɗauki shekara dubbai kafin ya busar da Sahara ba zai sauya damina tsakanin kaka da jika ba. Masu bincike sun danganta farin Sahel da sauyin zafin ruwan teku, tare da hayaƙin masana'antun ƙasashen arewa, ƙarin zafin duniya kuwa da iskar da take fita daga ƙona gawayin ƙasa da man fetur da gas, da kuma sare dazuzzuka.

Akwai dai wasu ƙananan motsi da suke sa a riƙa jin labari a kafofin watsa labarai. A shekarar 1748 aka bayyana a Ingila cewa mazarin yana ɗan gyaɗa kai a kowace shekara 18.6 saboda jan wata. A 1891 aka gano a Amurka cewa wurin da mazarin ya ɓulla a doron ƙasa yana zagaye na 'yan mitoci a kowane wata 14. Ban da zagayen, wurin yana gusawa, kimanin santimita 10 a shekara a cikin ƙarni na 20, yana dosar Kanada. Wajen shekarar 2000 sai ya karkata gabas, kuma an danganta haka da narkewar ƙanƙara da sauyin rabon ruwa a bisa ƙasa. Wani bincike da masana a Koriya ta Kudu suka jagoranta, wanda ya fito a 2023, ya ƙiyasta cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa da mutane suka zuƙo tsakanin 1993 da 2010, tan biliyan 2,150, mafi yawa a yammacin Amurka ta Arewa da arewa maso yammacin Indiya, ya gusar da wurin da kimanin santimita 80. Wannan gushi bai kai ya sauya yanayi ba ko kaɗan. Darasinsa yana wani waje: a nan aikin ɗan Adam ne ya motsa mazari, har ma'auni ya gani.

8. Kammalawa

A taƙaice, mazarin duniya ya karkata digiri 23 da minti 26, ya kuma dosi Tauraron Arewa. Karkatar ita take kawo mana bazara da damina da kaka da hunturu a kowace shekara. Inda ya dosa yana zagayawa a shekara 25,800, girman karkatar kuma yana kai da kawowa a shekara 41,000, kuma waɗannan su ne suka taɓa mayar da Sahara makiyaya, suka kuma mayar da ita hamada. Tarihin nan ya nuna mana cewa daminar ƙasarmu ba ta da wuyar gusawa, tun da ƙarin hasken rana na kashi 7 cikin 100 ya isa ya kai kwalekwale Dufuna da dorina Tenere. Wanda ya san haka ba zai yi wasa da abin da yake ƙara wa duniya zafi a yau ba, ba kuwa zai fake da cewa duniya ta jirkice ya bar dashen itace da tattalin ruwa ba.

Daga ƙarshe ina kira ga ɗalibanmu na Hausa da su shiga ƙauyuka su rubuta sunayen taurari da lissafin lokutan shuka daga bakin tsofaffi tun suna raye, su kuma haɗa kai da 'yan'uwansu na sashen labarin ƙasa da na kimiyya domin a daidaita kalmomin wannan fanni. Kalmar mazari da na yi amfani da ita shawara ce. Wanda ya sami wadda ta fi ta, sai ya kawo mu karɓa.